Ruwan Zafi da Bindigar Kawu Ladan

Samarin da ke zama bakin zaurenmu da la'asar, musamman waɗanda suka fara bin maharba daji bana, sun yanke cewa wankin bindiga ba sana'a ba ce. Na ji ɗayansu da kunnena na dama, wanda shi ne mai ji sosai yanzu, yana cewa, "Mi a cikinta? Ka zuba hetur, ka toshe baki da yatsa, ka girgiza, ka zubas. Shi ke nan." Aka yi dariya. To saboda su na ɗauki biro.

Sunana Luba. Ɗiyar maƙeri ce ni a Boɗinga, shekarata ashirin da huɗu, takwas daga ciki na yi su ina wanke bindigogin maharba da manoma a tsakar gidanmu. Sati uku da suka wuce ɗaya ta tashi a hannuna. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi jini. Amma a ranar Inna ta ce bindiga ta gama shiga gidanta, kuma in ba ta shiga ba to ni na bar sana'a ke nan, don ba za a zaunar da budurwa a maƙera bakin hanya tsakiyar maza ba. Zan faɗi yadda aka ƙare. Ku dai bari in fara gaya muku abin da ke cikinta, tunda kun tambaya.

Bindigar farko da na sa wa hannu ta wani manomi ce daga Kajiji, Malam Isa, wanda birai suka dama a gonar gero. Ina aji huɗu a sakandare lokacin. Yayyena maza biyu duk sun bar ƙira, ɗaya yana bin motar albasa zuwa Kudu, ɗaya ya koyi walda a Sakkwato, ga idon Baba ya fara yana. Ƙira yana yin ta da hannu da kunne, amma leƙa cikin bututun bindiga sai mai ido. Ran nan na dawo makaranta, ko hijabi ban cire ba ya kira ni, ya ba ni ɓallin madubi ya ce in ɗauko hasken rana in jefa ciki.

"Mi kinka gani?"

"Baƙi, Baba."

"Baƙi iri wane? Na tukunya ko na kwalta?"

Ban sani ba. Ya ce to in shinshina. Wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, na kau da kai ina tari, shi kuwa har da buga cinya don dariya.

"Wanga shi na warin gaskiya," in ji shi. "Albarushi ne yac ci wuta ya bar toka tai. Tokag ga kuwa gishiri-gishiri ta. To mi ka narka gishiri?"

"Ruwa."

"Madalla. Kin hi rabin mahalban ƙasag ga sani. Tahi ki ɗora buta."

Wannan shi ne karatun farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Kafin ka zaɓi abin da za ka wanke bindiga da shi, sai ka san irin dattin da ke cikinta, dattin kuwa ya danganta da abin da take ci. Bindigogin da ke zuwa mana iri biyu ne. Akwai adaka, ƙirar gida, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ita ce ta yawancin mutanenmu. Akwai kuma mai karyewa, wadda ake buɗewa ta tsakiya a sa mata harsashin kanti, ta masu hali. Ita adaka ruwan zafi take so, mai tafasa, da ɗan sabulun salo kamar ƙwayar gujiya. Sai an raba bututun da ƙotar itace, a tsayar da shi, a zuba ta mazurari. A gindin bututun akwai wani ɗan rami da wuta ke bi ta kai ga albarushi, mu a gidanmu ido muke ce masa. Ta nan ruwan zai fito, da fari baƙi ƙirin, sannan ruwan toka, sannan fari. Ba don tsabta kaɗai ake son ruwan da zafi ba. Shi ke gasa ƙarfen, ƙarfen kuma ya busar da kansa. Wanda ya wanke da ruwan sanyi ya yi wa tsatsa shimfiɗa ne kawai. In ya bushe, tun da ɗuminsa, sai a bi shi da man kaɗe a tsumma, kaɗan, yadda za ka shafa wa jariri a goshi.

Ita mai karyewa akasin haka ne. Dattinta ba shi da yawa kuma ba na gishiri ba ne, tsohon mai ne da ƙura da dalma da ta goga a jikin ƙarfe. Nan kananzir yake da rana. A jiƙa tsumma a bi, a bari ya sha, a goge har tsumma ya fito a bushe, sannan man keken ɗinki ɗigo biyu da gashin zabo. In ka zuba mata ruwa zai shige cikin ƙananan ƙarafan da hannunka ba ya kaiwa, ya zauna can yana ci.

Kayan aikina duk cikin tsohuwar fanteka ɗaya suke. Butar ƙarfe, mazurarin da Baba ya ƙera da gwangwanin madara, siririyar waya da na ciro daga birkin keke don share ido, kwalbar kananzir da ta man keke kowace da alamarta, gwangwanin man kaɗe, da tsummoki. Tsumma ma ba kowane ba. Sai na auduga da ya sha wanki ya yi laushi, irin tsohon zanen Inna. Yadin roba ba ya shan komai, shafa datti yake yi daga nan zuwa can. Sai kaskon garwashi, sai sanda. Ita sandar da ita ake auna bindiga. A zura ta cikin bututu har ta tsaya, a riƙe da babban yatsa daidai baki, a zaro a jera ta a waje. In ta kai har wajen ido, ciki wofi ne. In ta rage, ko da faɗin yatsa biyu ne, akwai ɗuri. Mai bindiga a zaure yake tsayawa, Baba ya duba takardarsa in baƙo ne, ya tambayi wanda ya san shi cikin maharba, ya auna. In ta shigo ciki ni ma in sake aunawa, ba wanda ke kallona.

Wani mai gadin albasa daga fadamar Shagari ya taɓa kawo mana adaka tururuwa na fita ta bakinta. Man gyaɗa ya ɗura mata, wai ya ga matarsa na shafa wa tukunyar ƙarfe. Man ya yi danƙo ya yi tsami, sai da na ƙare buta huɗu. Wani kuma makanikin mashin ne, ya ce shi ya san mai, ya wanke ta mahaifinsa da man birki. Ƙarfen ya fita fes, amma ƙotar da aka yi shekara talatin ana shafa wa hannu ta koma kamar mai kyasbi. Shi mai fetur ɗin da kuke yabo, na ga guda. Ya wanke tasa a gida, ya zo nuna wa Baba yadda take ƙyalli, ya tsaya kusa da wutar maƙera da tsummansa a aljihu. Tsumman ya kama wuta, ya tafi ba gira ba gefen riga. Har yau in ya shigo kasuwa ana ce masa Ango, saboda fuskar ta yi sumul.

Amma wanda ya fi ba mu aiki shi ne kananzir a cikin adaka, don shi ne ke kowane gida, kuma kowa yana ganin ya san shi. Ba ya narkar da tokar albarushi. Kwaɓa ta yake yi, su haɗu su zama baƙin kwaltar nan da Baba ya tambaye ni ran farko. Ta gangara ta toshe ido, ragowar kuma ta jiƙa sabon ɗuri. Mutum ya ja kunama ya ji shiru, ya sauke bindiga daga kafaɗa ya juya zai yi wa abokinsa ƙorafi, sannan ta tashi. Wadda ta ƙi tashi gaba ɗaya ta fi mai jinkiri alheri. In irin wannan ta zo, ruwa ba ya fita ta ido, waya ma ba ta shiga. Sai a ɗora gindin bututun a kan garwashi kwaltar ta yi laushi, sannan a share. Na yi haka sau da yawa ban ƙirga ba.

Ni dai sana'ar nan ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba ta fitar da ni rana, ba ta hana ni gama makaranta ba. Maharbi kuwa ba ya mance wanda ya gyara masa ƙarfe. Da kaka za ka ji sallama, a miƙo zabi biyu ko zomo, ko kwandon albasa, a ce na Maƙeriya ne. Sunan da suka sa mini ke nan, mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskata ba. Wani tsoho ya ce wa Baba tun da na fara wanke masa bindiga ko muryar bindigar ta canza. Akwai kuma lokacin da ruwan ya fara fitowa fari, tururi na tashi daga ƙarfen, ka san abin da ke hannunka ya koma yadda maƙerinsa ya so shi. Wanda bai yi ba ba zai gane ba.

Shekarar da daji ya lalace ita ce muguwar shekararmu. Aka tsayar da farauta a yankin, mutane suka shiga tsoron a gan su da bindiga ko da takardarsu na aljihu. Rani ya wuce, damina ta wuce, ko ɗaya ba ta shigo mana ba. Baba ya koma kalme da lauje zalla, ni kuma ina wasa su a dutse a cikin gida har yatsuna suka yi kanta. Zabi kam muka mance ɗanɗanonsu. Abin da ba mu sani ba, mutane binne bindigoginsu suka yi. Kowa ya labta wa tasa baƙin man inji, ya naɗe da leda ya tura ƙarƙashin rumbu, ba tare da ya wanke tokar ciki ba. Mai ya rufe gishirin a jikin ƙarfe, leda ta riƙe gumi, wata da watanni suna cin juna. Da abu ya lafa aka fara tono su, sai ga su suna zuwa uku-uku. Waje yana ƙyalli, ciki kamar gara ta ci. In na gama wankewa Baba ya rataye bututun da zare ya ƙwanƙwasa da ƙaramar masaba ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙara mai tsawo ya tsira. Wanda ya ce ƙwal ya yi shiru, ya ce ba zai mayar wa mai shi ba sai a yanke, don ran da aka ɗura shi a fuska zai fashe. Wani dattijo ya zauna a zaure tun hantsi har azahar yana roƙo, ta kakansa ce. Baba bai ba shi ba. Ya yanke bututun ya yi bakin zuga-zugi da shi, ya ce wa dattijon duk ran da ya yi marmarin kakansa ya zo ya ji shi yana hura wuta. Yana zuwa kuwa, ranar Juma'a bayan an sauko.

Yanzu ta Kawu Ladan. Shi yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita. Ba ta faɗin sunansa, Yaya take ce masa, kuma ba ta zama a kujera in yana tabarma. A Horo Birni yake noma. Ran kasuwar Shagari, Baba ya tafi da lauje tun da safe, sai ga Kawu da hantsi a kan mashin da adakarsa cikin buhu. Shi ba baƙon zaure ba ne. Kai tsaye ya shigo tsakar gida, Inna ta shimfiɗa masa tabarma gindin dogon yaro, aka gaisa aka tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya har awaki. Sannan ya miƙo mini buhun.

"Luba, ga tsohuwag ga, ki yi mata wanka. Gadu ya hwara shiga min albasa."

"Kawu, da abu cikinta?"

"Haba ɗiyata. Ba komi cikinta. Tun damana ban ɗura ta ba."

Sandar tana hannuna. Na riga na ɗauko ta, hannuna ya saba. Sai na ɗaga kai na ga Kawu yana kallona yana murmushi, Inna kuma tana kallon sandar. Kallo ne kawai, irin wanda duk ɗiyar da aka haifa a gidan mutunci ta san fassararsa. Babba ya ce babu, a gaban ƙanwarsa, ke kuma ki zura sanda ki gani ko gaskiya ya faɗa? Na jingine ta a bango. Na ce a raina in ya tashi alwala sai in auna. Bai tashi ba. Kawu mutum ne mai son kallon aiki, har matso da tabarmarsa ya yi. Na kuma ce a raina, ai ruwa zan zuba, ko da wani abu ruwa ya gama da shi.

Bindigar nan sau uku ta gaya mini gaskiya. Na cire bututun na shinshina, warin kananzir. Na zuba ruwa, ya ciko baki tun ban kai inda na saba ba. Na duba ido, ko ɗigo. Duk ukun na ba su amsa ɗaya, kwalta ce, Kawu ya wanke ta da kananzir kamar kowa. Har tsokanarsa na yi.

"Kawu, kananzir ɗin hitila kab ba ta?"

"Kaɗan na, don tsatsa," in ji shi, yana dariya.

Na juye ruwan, na gwada waya ta ƙi shiga. Na jawo kasko, na naɗe bututun da tsumma na ɗora gindinsa a kan garwashi. Bakin yana kallon wajen madafa, inda randar Inna take. Inna ta je can ta duƙa ta ɗebo wa Kawu ruwa a moɗa, ta miƙe ta juyo. Taku biyu ta yi.

Ban ji ƙarar a matsayin ƙara ba. Ƙarfen ne ya fizge daga hannuna, garwashi ya watsu, hayaƙi ya rufe ni. Da ya yaye na ga kaji a kan katanga, ruwa yana malala tsakar gida yana jan toka, randa babu sai gindinta. Inna tana tsaye da moɗa a hannu, ruwan ciki bai zube ba. Bakin Kawu yana motsi, na san salati yake, amma ba na jin komai sai wani siririn kuka cikin kunnena na hagu, wanda har yanzu bai gama tafiya ba. Tafin hannuna ya tashi. Daga baya Baba ya tono guntayen ƙarfe biyar a bangon madafa da wuƙa, daidai tsayin mutumin da ya duƙa.

Da Baba ya dawo, Kawu ya yi bayani, kuma har ga Allah ba ƙarya ya yi mini ba a ganinsa. Da damina ya ɗura ta, ya ja kunama ta ƙi. Sai ya tsiyaya mata kananzir ta baki don ya kashe albarushin, ya rataye.

"Ai ya mutu," yake ta cewa. "Abin da ya mutu ana lissahi da shi?"

Baba ya ce kananzir ba ya kashe albarushi, barci yake sa shi. Tsumman da aka danna a kan ɗurin shi ya sha man, shi ne kuma ya tare ruwana bai kai ƙasa ba. Ni na kai masa wuta har gida.

Inna ba ta iya ɗaga wa Yayanta murya. Sai da ya hau mashin ya tafi ta juyo kanmu. "Ban haihi ɗiya don bindiga ba," ta ce. "Daga yau ko wadda yara ka yi da kara, kak ta ƙetare zauren ga." Baba ya duba hannuna, ya shafa mini man kaɗe da kansa. Kwana goma sha huɗu fantekata tana ƙarƙashin gado. Maharba na zuwa Baba na ba su haƙuri, don shi ba ya ganin launin ruwan da ke fitowa balle cikin bututu. Ni kuma in an bugo ƙyaure ko mashin ya yi tusa a lungu sai in ga kwano ya bar hannuna. Duk da haka in na ji sallamar maharbi a zaure, kunnena na can.

Labari ya kai ga Sarkin Baka, shugaban maharban yankinmu, wani tsoho siriri mai suna Mamman da ke zaune wajen Shagari. Ya aika wa Kawu ya zo, shi ma ya zo, suka zauna a zaure da Baba. Aka kira ni na tsuguna bakin ƙofar ciki. Inna tana bayan ƙyaure, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba.

"Maƙeriya, ya hannu?"

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

"Kin auna ta?"

"Ban auna ba."

"Mantuwa kinka yi?"

"Ban mance ba. Sandar tana hannuna."

"To?"

Baba ya ce, "Hwaɗa mai."

"Kawuna na. Ya ce ba komi."

Kawu ya yi gyaran murya. "Sarki, ni ad da laihi, ɗiyag ga ba ta…"

"Kai bari, Ladan, naka a hili shike. Shekara arba'in kana halbi ba ka san kananzir ba. In nis sake jin ka zuba wa adaka man hitila, sanda za mu ba ka ka riƙa korar gadu da ihu." Baba ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sarkin Baka ya juyo wajena, amma muryarsa ya ɗaga yadda za ta wuce ƙyaure. "Ita kuwa wagga ba jahilci yak kai ta ba. Ta san aikinta. Kunya ta, kuma mu munka koya mata. Mun ce kak ki ƙaryata babba, ba mu ce mata ban da bindiga ba. To ba za mu kwance mata tarbiyya ba, mu za mu gyara. Daga yau duk mai kawo ƙarhe gidanga, da hannunai za shi zura sanda shi auna gaban maƙeri, nan cikin zaure. Kawu na, uba na, ko ni. In babba ya gwada kainai ba wanda yaƙ ƙaryata shi."

Ya jawo buhunsa, ya fito da tasa adakar, ya auna ta a hankali yadda kowa zai gani, ya jera sandar a waje. Ya jingine bindigar a kusurwar zaure. "Wagga tana son wanka, amma ba ni sauri. Sarautata daji take, ba ta kai tsakar gidan mutane ba. In an wanke a aiko. In ba a wanke ba in zo in ɗauki abuna, ba komi."

Kwana shida bindigar nan tana jingine, Inna tana wucewa ta gabanta in za ta unguwa, ko kallo ba ta ishe ta ba. Ruwan sha kuwa a jarkar roba muke ajiyewa, da rana ya yi ɗumi ya yi warin roba, Baba yana sha yana yamutsa fuska bai isa ya yi magana ba.

Shekaranjiya da hantsi muka ji mashin yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya. Kawu ne, da sabuwar randa daga kasuwar Shagari, an naɗe ta da buhu da ciyawa an ɗaure a bayansa. Bai yarda kowa ya kama masa ba. Ya rungume ta ya shigo, dattijo da furfura yana nishi, ya nufi gefen madafa inda gurbin tsohuwar yake har yanzu a ƙasa. Yana shirin saukewa Inna ta yi magana.

"Yaya, ba nan ba."

Ya tsaya da randa a ƙirji. "Ba nan take ba?"

"Nan take. Kai ta bayan ɗakina, inda bango ya hi kauri."

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya juya da kayansa bai ƙara tambaya ba. Inna ta ɗauki tsintsiya ta fara share gurbin, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ke kuma in za ki wankinki, ki juya bakin abin ga wajen garun baya. Kuma ki hwaɗa min in kau da awakina."

Na jawo fanteka daga ƙarƙashin gado. Baba ya miƙo ta Sarkin Baka daga zaure, na cire bututun, na ɗora ruwa ya tafasa. Da na ɗaga buta sai bakinta ya shiga kaɗa mazurari, ƙwas-ƙwas-ƙwas, rabin ruwan yana zuba a ƙasa kusa da ƙafata. Na ajiye, na goge hannu a zane, na sake ɗauka. Haka dai. Ban ji tahowar Inna ba, ta gefen hagu ta zo. Sai ganin hannunta na yi a kan marikin butar.

"Riƙe ƙarhen da hannu biyu, ni ka zubawa." Ta karkata buta, tururi ya taso mata, ta kau da fuska. "Wari kamar mushe. Ni ban san mi kunka gani ga abin ga ba, ke da ubanki. Ya isa ko in ƙara?"

Na duba abin da ke fitowa ta ido. Na ce ta ƙara.